Awon Safe na Firji

Ƙungiyar 'yan rawar alkafura da ke atisaye a tsohon sito, bayan garejin gyaran motoci, ba ta taɓa sayen sikeli ba, saboda tana da Firji. Siffarsa ce ta jawo masa sunan. Faɗinsa daga kafaɗa zuwa ƙugu ɗaya ne, kuma duk abincin da ya ɓata a siton, in aka bi sawu, a cikinsa ake iske shi. Aikinsa tsayuwa a ƙasa. Sauran su yi tsalle, su wulwula a iska, a tafa musu, shi kuwa yana nan a dashe, ana taka masa cinya, ana taka masa kafaɗa, mai gaggawa ma har kunne yake takawa. Shekara ashirin da uku ke nan yana wannan aiki, kuma babu wanda ya taɓa faɗowa daga kansa.

Kullum da safe, kafin makaɗi ya taɓa ganga, 'yan sama, wato masu hawa kan mutane, sukan yi layi a gabansa. Sai ya kama kowa a ƙugu, ya ɗaga shi zuwa ƙirji, ya riƙe na numfashi guda, ya dire shi, sannan ya faɗi abin da hannunsa ya ji, da babbar murya, a gaban kowa. Wannan shi ake kira awon safe, kuma ba a san Firji da sakaya zance ba.

"Kai, jiya a gidan surukai ka ci abinci."

"Ke ba ki yi barci ba. Kin yi nauyi irin na jiƙaƙƙen bargo."

"Kai kuma je ka zagaya ka dawo. Ba zan jefa ka da wannan kayan ba."

Ya taɓa sanar da wata cewa tana da juna biyu tun ita kanta ba ta sani ba, abin da ya sa mijinta ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa.

Ana dariya, amma abin ba wasa ba ne. Wanda za a cilla sama, da nauyinsa na yau ake cilla shi, ba da na jiya ba. Har yanzu akwai wata lotsawa a kwanon rufin siton, daidai girman kan mutum, ta wani da zazzaɓi ya ramar aka jefa shi da ƙarfin da aka saba. Tun daga ranar, Tsoho, wanda ya kafa ƙungiyar, ya shimfiɗa doka biyu. Ta farko, duk wanda Firji ya ce wa "ba yau ba", ya nemi benci ya zauna. Ta biyu, Firji ba zai ɓoye abin da hannunsa ya ji ba, ko da a kan uwar da ta haife shi ne.

Wata uku ke nan Firji yana karya doka ta biyu, kuma a kan ƙanwarsa yake karya ta.

Mazari ake ce mata, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, ko da yake in ka gan su tare sai ka rantse duk abincin gidan shi kaɗai aka ba. Ita ce ke rufe wasa. Mutum biyu su sarƙe hannu su cilla ta, ta juya sau biyu a iska, ta dira da ƙafa biyu a kan kafaɗun yayanta, ta ci gaba da rawa a can sama shi kuma yana zagayawa da ita. Tun tana 'yar shekara goma sha biyar take dira a kansa. Yanzu tana da talatin da takwas, da 'ya'ya uku, da bakin da ba ya mutuwa.

Abin da Firji ya ji shi ne ta daina dira daidai. Ƙafar dama ke zuwa da nauyin gaba ɗaya, ta hagu kuwa taɓa shi kawai take yi, kamar mai gwada zafin ruwan wanka. Ko a awon safe, in ya ɗaga ta, sai ya ji jikinta ya ja dama. A wurinsa abin a fili yake: ƙafar hagu ce ta samu matsala take ɓoyewa. A shekarunta kuwa, wadda aka zaunar saboda ƙafa ba kasafai take sake tashi ba. Shi ya sa kowace safiya yake dire ta ya ce, "Ke dai ki rage satar burodina," a yi dariya, shi kuma ya wuce da maganar a maƙoshi. Tsoro yake ji ta ko'ina. In ya faɗa ya raba ta da wasan, in ya yi shiru wata rana ƙafar ta ci amanarta a sama.

Shi ma akwai ɗan tsamin da kafaɗarsa ta hagu ke yi masa, amma wannan ba ciwo ba ne, laifin matashin kai ne, kuma ya riga ya ce wa matarsa ta canza shi. Man zafin da yake shafawa a banɗaki kuwa, ƙanshinsa kawai yake so.

Ana cikin haka sai wani babban ɗakin wasanni ya gayyace su nan da mako takwas, da sharaɗin kowane ɗan wasa ya kawo takardar shaidar ƙoshin lafiya. Tsoho ya kira 'yarsa, wadda ta karanci ilimin motsa jiki a jami'a. Dakta ake kiranta, duk da kullum sai ta ce ita ba likita ba ce. Ta zo da sikelin gilashi mai faɗin yawan kitsen mutum, da tef irin na tela, da agogo, da wani awartakin roba da ake mintsinin fata da shi. Firji ya yi murna a ransa, har da taya ta ɗaukar jaka. In injin ya kama Mazari, shi ke nan, ba da bakinsa aka faɗa ba.

Bulo ne ya fara hawa, don ba a gama tambayar wa zai fara ba ya tuɓe riga. Shi ne mai tsayuwa a ƙasa na biyu, shekara biyu da zuwansa daga gidan ɗaga ƙarfe, jikinsa a murɗe ta kowane gefe. Ƙwai shida yake ci da safe yana zubar da gwaiduwa, abin da Firji ya ɗauka babban zunubi ne.

"Kitse kashi goma sha ɗaya cikin ɗari," in ji Dakta. "Madalla."

Bulo ya bi kowa da kallo ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya ce bai ji ba.

Da Firji ya hau, sikelin ya ɗan yi jim kafin ya ba da amsa. Dakta ta nemi zagaya shi da tef, sai da Mazari ta riƙe mata ɗaya bakin. Awartakin ya buɗe baki iya ƙarfinsa ya kasa cizo.

"Kawu, kashi talatin da huɗu na jikinka kitse ne."

"Sauran fa?"

"Ƙashi, da tsoka, da ruwa."

"To ai kowa yana aikinsa. Ki ƙyale su, zaman lafiya suke yi."

A gwajin ƙarfi ya rama. Aka goya wa kowannensu mutum a baya, aka ce su durƙusa su miƙe har sai sun gaji. Bulo ya yi arba'in da biyu ya zube yana haki. Firji ya kai sittin, ya tsaya don ya hango mai shayi ya iso.

"Saura ɗaya, Kawu. Ɗaga hannuwanka biyu sama, ka miƙe su."

Ya ɗaga na dama, ya sa na hagu yana sosa tumbi. "'Yata, ko ɗan sanda bai taɓa sa ni ɗaga hannu biyu ba."

Siton ya ɗauki dariya. Dakta ma ta dara, ta ja layi a takarda, ta kira na gaba.

Mazari ta hau sikeli, kilo hamsin da ɗaya, kamar yadda take tun shekara goma da suka wuce. Kitse daidai, numfashi daidai, ta lanƙwashe baya har ta leƙo jama'a ta tsakanin ƙafafunta ta gaishe su. Da aka ce ta tsaya da ƙafa ɗaya, sai ta zaɓi ta hagu, ta yi minti biyu cur tana hira da makaɗi. Firji ya girgiza kai. Taurin kai irin na gidansu ke nan, in ji shi a ransa, ta tsaya a kan ƙafar mai ciwon don ta rufe bakin kowa. Dakta ta sa hannu a takardunsu su duka, ta ƙara rubutu a ƙasan tasa cewa ya rage tumbi. Injin da ya dogara da shi ya maido masa da aikin tona zancen.

Bayan atisaye, da rana tsaka, ya same ta ita kaɗai a famfon bayan sito, tana wanke ƙafa a bokiti.

"Mazari, ina da magana."

"In burodi ne, na riga na cinye."

"Ƙafarki ta hagu. Wata uku ke nan ina rufa miki asiri. A dama kike dira, na ji tun ranar farko. Gobe zan faɗa a awo. Na ga gara ki fara ji mu biyu."

Ya shirya wa kuka, ya shirya wa zagi, har jifa da bokitin ya shirya wa. Dariya ce bai shirya wa ba. Ta yi ta yi har sai da ta dafa kan famfo.

"Kai ne kake rufa mini asiri, Yaya?"

Ta naɗe ƙafar wandonta ta dama. Gwiwar a ɗaure take da bandeji, da ta kwance sai ga ta a kumbure tana sheƙi.

"Wannan ai ta dama ce," in ji shi.

"Allah ya ƙara basira. Ta hagu lafiyarta ƙalau."

"To don me kike jibga nauyinki a kan mai ciwo?"

"Lafiyarta ƙalau ita ma lokacin da na fara." Ta zauna a bakin dakalin famfon tana murza gwiwar. "Kai sau ɗaya kake auna mu da safe, ka cika sito da surutu. Ni sau talatin nake auna ka a rana, da tafin ƙafata, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata uku da suka wuce na dira, na ji kafaɗarka ta hagu ta nutse kamar faɗin yatsa, tana rawa. Washegari ma haka. Na ce in na ci gaba da dira mata, wata rana ni da kai za mu haɗu a ƙasa. Sai na koma dama."

"Matashin kai ne."

"Sau biyu matarka ta canza matashin, ita ta faɗa mini. Kuma duk siton nan warin man zafinka yake yi. Makaɗi ya ɗauka sabon turarenka ne, kunyar tambaya yake ji."

Ta zubar da rabin ruwan, ta miƙa masa bokitin. "Ɗaga da hagu. Sama da kanka."

Mutumin da ya taɓa ɗaukar mutum biyar a lokaci guda ya kama bokitin wanke ƙafa. Ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Daidai kunne wani abu ya soke shi daga kafaɗa har cikin haƙori, hannun ya saki, ruwan ya bi ta wuyan rigarsa. Ya tsaya a jiƙe yana kallon bokitin na birgima. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Wata uku yana yawo da tausayin ƙanwarsa, yana ganin kansa babban mai haƙuri, ashe shi ake jinya, kuma da gwiwarta ake jinyar.

"Saurara, Yaya," in ji ta, muryarta ta sauka. "Takarda ta ce lafiyarmu ƙalau, ni da kai. Mako takwas ne kawai, gwiwar za ta kai. Mu yi wasan nan, ka tsaya a babban ɗaki ka ji tafi, bayan nan sai mu san ƙaryar da za mu yi. Gobe ka ce na saci burodinka, kamar kullum."

"In ba ta kai ba fa?"

"Gwiwata ce, ba taka ba. In ka buɗe baki Tsoho zai ba Bulo wurinka, ka fi kowa sani. Me za ka yi a benci? Ba ka iya komai ba sai tsayuwa."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi masa zafi. Bai iya ɗinki ba, bai iya tuƙi ba, ko waƙa ya buɗe baki makaɗi roƙonsa yake ya yi shiru. A duniyar nan wuri ɗaya ne aka yi daidai da shi, faɗin taku biyu a tsakiyar fili. Ya koma gida aka ajiye masa abinci ya ce ya ƙoshi, matarsa ta taɓa goshinsa, ta ce a iya zamansu ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba.

Washegari layi ya jeru kamar kullum. Ya ɗaga na farko ya ce masa ya daina shan ruwa kamar raƙumi, ya ɗaga ta biyu ya ce ta yi sulhu da mijinta don fushi ma nauyi gare shi. Mazari ce ta ƙarshe. Ta zo tana murmushi, ta ɗaga hannuwa, ya kama ƙugunta ya ɗaga. Wannan nauyin ya fi saninsa fiye da na 'ya'yan cikinsa, ga shi kuma yana ja dama. Ya riƙe ta numfashi ɗaya, biyu, uku, har sai da ta ce ƙasa-ƙasa, "Burodi, Yaya." Ya dire ta a hankali, a kan ƙafar hagu.

"Ba yau ba," in ji shi.

Ya juya ya fuskanci sauran 'yan wasan.

"Gwiwar dama ce. Wata uku tana dira a kanta ita kaɗai, saboda kafaɗata ta hagu ta lalace, tana kare ni. Ni ne na ɓoye, ba ita ba. Ko bokitin ruwa ba na iya ɗagawa sama da kaina." Ya dubi Tsoho. "Ni ma ba yau ba."

Tsoho ya ɗaga masa yatsa biyu. "Dokar biyu ce kawai, Firji. Biyu."

"Na sani, Baba."

Dakta ta zaro takardun jiya daga jaka. "Ai na ce ka ɗaga hannu biyu, Kawu."

"Kin ce. Kuma kika yi dariya."

Ta yaga takarda biyu, tasa da ta Mazari, ta durƙusa ta lallatsa gwiwar Mazari. Ta ce in aka yi mako huɗu babu tsalle, kuma in mai gwiwar ta ji magana, akwai fata. Kafaɗar kuwa sai asibiti, sai hoto, kuma ba ta jin za a sake hawa kan wannan kafaɗa. Ta faɗi wannan tana kallon ƙasa.

Mazari ta nufi benci tana ɗingishi, karo na farko a gaban jama'a. "Ƙaton banza mai ƙaton baki," in ji ta da ta zo wucewa, idonta ya yi ja. Kwana tara ba ta yi masa magana ba, ko da yake burodinsa bai daina ɓata ba.

Asibiti suka rataye masa hannu a wuya, Tsoho kuma ya rataye masa Bulo. Kowace safiya Firji yana tsaye a gefe, Bulo yana ɗaga mutane yana zufa.

"Me ka ji?"

"Kilo sittin."

"Wannan takarda ce ta faɗa maka. Hannunka fa?"

"Hannuna ma sittin ya ce."

"Hannunka maƙaryaci ne. Sake ɗagawa."

Sai a mako na uku Bulo ya dire wani ya ce, cikin shakka, kamar dai mutumin bai karya ba. Mutumin ya amsa cewa haka ne. Firji bai yabe shi ba, don yabo ɓata irinsu Bulo yake yi, amma ya ba shi darasin da ya fi tsada. Ya ce masa duk ranar da ya ji na sama ya karkace, kafin ya buɗe baki ya zargi kowa, ya fara duba kafaɗarsa. Daga nan ya tsaya a kansa har sai da ya cinye gwaiduwa shida.

A mako na biyar Dakta ta yarda Mazari ta gwada. Firji yana benci, kofin shayi a hannun dama, burodi a kan cinya. Makaɗi ya ɗauki kiɗan rufe wasa, Bulo ya kafa ƙafa a tsakiyar fili, a daidai wurin da sumuntin ya sha taku har ya yi santsi. Mutum biyu suka sarƙe hannu, Mazari ta taka, suka cilla ta.

Shekara ashirin da uku, abin da Firji ya sani na wannan lokaci shi ne kunne a kan ganga, ido a gaba, sai inuwa ta gifta, sai tafin ƙafa biyu masu ƙura su sauko masa. Bai taɓa ganin sauran ba. Yanzu ya ga ƙanwarsa ta tashi a miƙe har kusa da rufin, ta dunƙule, ta juya sau biyu ba tare da gaggawa ba, ta ware hannuwa a can ƙololuwa, ta yi kamar ta tsaya. Kuma dariya take yi. Bai taɓa sanin tana dariya a can sama ba. Ta sauko da ƙafa biyu lokaci guda, kafaɗun Firji suka tashi da kansu don su tare ta, shayin ya zube masa a wando. A kan Bulo ta dira, Bulo kuma bai motsa ba.

Da aka tashi ta nufo bencin tana goge zufa. "Yaya dai? Na karkace?"

"Daidai kika dira." Ya goge ido da bayan hannu, ya ce man zafin ne ke shiga masa ido. "Ashe haka kike yi a can sama?"

"To da me kake tsammani ake tafa wa duk shekarun nan? Tumbinka?"

Ta zagaya ta zauna ta damansa, kada ta bugi kafaɗar. Ta ɗauke burodin daga cinyarsa, ta raba biyu, ta miƙa masa ƙaramin.